Yakaka, Wadda Ta Hana Masunci Ruwa

Da hantsi za ka ga Yakaka a bayan ɗan acaɓa, jaka a cinya, ta nufi ƙauyukan Auyo. Nas ce a Haɗeja, amma masu ciwon ƙodar da likita ya ce a koma da su gida a ci gaba da addu'a, su take bi. Mu da mun ji wannan magana sai mu jingine magani mu zauna jiran lokaci. Ita kuwa sai ta koma wurin likita ta karɓo na rage zafi, ta koya wa matar gida juya majinyaci, ta tuna musu ranar wankin ƙoda.

Tukuicin da muka ba ta shi ne suna: Mai Hana Ruwa.

A gidan Malam Sa'idu masunci ta samo sunan. Ƙodarsa ta daina fitar da ruwa, jiki ya kumbura, sai a zaune yake kwana. 'Yan dubiya kuma kowa da jarkarsa, wannan jiƙo, wancan kunu, ga shi a wurinmu mayar da hannun ɗan dubiya rashin kunya ne. Matarsa Hajo ta kasa cewa a'a. Sai Yakaka ta zauna a bakin ƙofa tana karɓe jarkokin.

Yayan Sa'idu ya tsaya a kanta ya ce, "Mutumin da ya girma a cikin kogi za ki hana maƙwarwa? Ba kya tsoron Allah?"

Ta ce, "Ni na hana, Malam. Ni za ku zaga, kada ku taɓa Hajo."

Kumburin ya sauka, Sa'idu ya samu barci a kwance, har ya ci sabuwar shinkafar kaka kafin ya rasu a natse. Ranar ta'aziyya mata suka janye tabarmarsu daga kusa da Yakaka. Hajo ta gani, ta sunkuyar da kai, don a gidan dangin miji take takaba. Abin ya ci wa Yakaka rai ƙwarai, amma washegari ta tafi gida na gaba.

Ke ce kika ɗauki baƙin jinin da ya fi ƙarfin matan gida, Yakaka. Ga shi kin ajiye aiki a watan nan, ba a kawo madadinki ba. Mun gode, Allah ya biya ki, tunda mu mun kasa.

Ku kuma 'yan dubiya, ku tambaya kafin ku miƙa kofi. In kuma gidanku ne, wani ya daure ya zauna a bakin ƙofar nan. Za a zage shi, ya sani tun yanzu.