A Zaune Take Lokacin da Motar Ta Zo

Ni ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, ko harafi ɗaya ban sani ba. Malamar da ke haya a gidanmu a Bukoki ita ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, don a fagen baki ban taɓa neman taimakon kowa ba. A shekarun da nake sayar da dambu a bakin gudoro, wato hanyar kwalta, kusa da kasuwar Lazare, da abu biyu aka san ni, yajina da labarina. In abu ya faru a unguwa, ko a gaban idon mutum aka yi shi, sai ya zo ya ji daga bakina kafin hankalinsa ya kwanta. Ina taƙama da haka ƙwarai. Inda taƙamar ta kai ni shi nake so ku ji.

A damata wata Bazabarma ke zama, tana sayar da kopto, zogalen nan da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Mun tsufa tare a wurin. Ina yi mata dariyar Hausarta ta kasuwa, ita kuma ta ce ni rediyo ce wadda aka manta ba a sa mata makashi ba. Ƙafafunta suna kumbura, saboda haka da ta zauna sai ta zare takalmanta, ta tura su ƙarƙashin benci da diddige, ba ta sake tashi sai kiran azahar. Wani hantsi motar 'yan sanda ta biyo wani ɗan kabu-kabu da ya ƙi tsayawa, ta kauce daga gudoro, ta hau inda muke. Ni ta bar ni da tukunyata, ko murfi bai faɗi ba. Ita ta ɗauke ta. Kafin a kai ta likita ta cika.

'Yan sanda biyu ne a motar, babba mai gashin baki da wani siriri. Da ƙura ta lafa na gan su tsaye a waje su biyun, iyakar abin da na gani game da su ke nan. Amma a zaman makoki mata suka kewaye ni, aka ce ke kina wurin, faɗa mana. Na faɗa. Washegari na sake faɗa wa wasu, sai na ji labarin ya yi rama, ba shi da fuska. Sai na ce babban ne ke tuƙi. Daga baya idonsa ya yi ja, daga baya mun haɗa ido da shi ta gilashi, daga baya har leɓensa na ga yana cizo. Mata suna salati, masu tebur suna barin cinikinsu su matso. Wallahi ban ji a raina ƙarya nake ba. Abin da na faɗa sau da yawa sai ya koma ina ganinsa in na rufe ido.

Ashe 'yan sanda ma suna da nasu 'yan sandan. Mutum biyu suka zo mini gida cikin kayan gida, wani mai furfura da wata mace mai rubutu. Mai furfurar ya ce ba daga komisariyar 'yan sandan motar suke ba, daga wani biro suke, wato ofis, wanda aikinsa binciken ma'aikatansu in babban abu ya faru. Ya ce an karɓe bindigogin mutanen biyu, an ce su zauna gida, an tambayi kowa shi kaɗai, an kulle motar ba wanda zai taɓa ta. Ya ce su biyun sun ce matar ta miƙe ne ta shiga hanya. In a zaune take, laifin mota ne, maganar za ta tafi gaban alƙali. In ita ta shiga hanya, sai a ce tsautsayi, su koma aiki. Ya kira ni Inna, ya ce abin da idona ya gani kawai yake so, ko kaɗan ne. Raina ya ɓaci. Na ce masa tun ba a yi auren uwarsa ba nake ba da labari, ba shi zai koya mini ba. Ya yi murmushi ya ce to bismilla. Na zuba masa duka, da jan ido da cizon leɓe, na dangwala yatsa.

Bayan wani lokaci aka aiko mini cewa za a maimaita abin a inda ya faru, a daidai hantsin da ya faru, haka aikinsu yake. Ban taɓa ganin Lazare haka ba. An tare hanya da igiya, jama'a sun tsaya can baya, ba hon, ba tallar kowa, rana tsaka amma kana jin ƙarar ƙuda. Aka kawo motar nan, lotsewar gabanta tana nan ba a gyara ba. Aka ajiye kujerata da tukunyata inda suke, aka ajiye bencinta, aka zana alli a ƙasa. Sai aka kawo wata 'yar sanda mai jiki kamar nata, aka ɗaura mata zane a kan kakinta, aka ce ta zauna a matsayin mamaciya. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin ƙawata ba. Ta zauna a damata, ta yi ajiyar zuciya, ta zare takalmanta, ta tura su ƙarƙashin benci da diddige. Ba wanda ya ce ta yi. Ban san lokacin da na ce mata fofo ba, yadda nake gaishe ta kullum da Zabarmanci. Ba ta juyo ba.

Motar ta taho a hankali, kamar ana rakiyar gawa. Ta koma, ta sake tahowa. Mai furfurar ya durƙusa kusa da ni ya ce Inna, wa ke tuƙi yanzu? Na ɗaga kai. Rana ta bugi gilashin, fari fat, ba fuska, ba ido, ba leɓe, kamar motar ita ke tuƙa kanta. Da na ce ban gani ba, da ƙila an wuce wurin. Amma kasuwa duka tana kallona, mutanen da suka saba ji daga bakina. Na ce babban ne, da ƙarfi. Motar ta tsaya, ƙofa ta buɗe, siririn ya fito. Mai furfurar ya ce in ɗan tashi, ya zauna a kujerata da kansa, ya daɗe yana kallon gilashin. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in je in huta.

A nan ne na fara ihun takalma. Na ce ranar da abin ya faru ma takalman ƙawata suna ƙarƙashin benci a jere, wadda ta miƙe za ta shiga gudoro mai zafi ai ba ta barin takalmi. Ya ce ina suke? Na ce ni na ɗauke su ranar, na ƙulle a zanena, suna ɗakina. Ya ce don me ban faɗa ba da ya zo gida? Gaskiyar ita ce ban taɓa sa su a labarin ba, don takalmin roba ba ya sa mata salati. Ya ce zai rubuta, amma manyan da za su zauna a kan maganar za su ga takalman da ba a same su a wurinsu ba, da shaidar da ta rantse ta ga ido ta gilashin da ba a ganin komai. Ya kuma ce duk masu teburin da ya tambaya, jan ido da cizon leɓe suka ba shi, da kalmomina. Ashe ban ɓata shaidata ni kaɗai ba, na shanye ta kowa.

Ɗiyar marigayiyar ce ta kawo mini ƙarshen maganar. An ce ba a iya tabbatar da ko a zaune take ba. An ja wa 'yan sandan motar su biyu kunne, an canza musu gari. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kira ni Nya, yadda take kiran uwarta, ta tambaye ni ko a zaune take. Na ce a zaune take. Ta ce to don me ba wanda ya yarda? Na miƙa mata takalman, ta ce in riƙe, ita ba ta iya kwana ɗaki ɗaya da su.

Ban koma dambu ba. An ce har yau ba mai ajiye tebur a wurin nan, kuma ba wanda ya hana. Ni ba na wanke masu binciken nan, ban san abin da aka yi a cikin birorinsu ba, ƙila ko da na faɗi daidai a rufe maganar. Amma ni na ba su ƙofar. Ku da Allah ya ba baki, in kun ga rai ya fita a gabanku, ku riƙe harshenku har mai tambaya ya zo, ku ba shi ɗan abin da kuka gani ko da bai da daɗin ji. Takalman suna ƙarƙashin gadona, a jere. Duk sa'ad da na buɗe baki zan ba wani labari, sai in ji damata ta yi nauyi, kamar an zauna. Sai in yi shiru. Wannan ne kawai na bari aka rubuta, kuma ban ƙara masa komai ba. Ban ga mai tuƙi ba. A zaune take.