Baba Saje da Kofin Shayin da Ya Hana Ni Sayen Libarba

Ina kan injin matse fata a kamfaninmu na Challawa, jiniyar safe ba ta daɗe da kaɗawa ba, sai direban motar ma'aikata ya leƙo ya ce Baba Saje Hamisu ya cika bayan asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka, amma kafin azahar mun taru a ƙofar gidansu a Kumbotso muna tuna maganganunsu, har dariya ta riƙa ƙwace mana.

Baba su ne shugaban masu gadinmu. Kafin nan sun daɗe suna kula da ma'ajiyar makamai a aikin ɗan sanda. Ni kuwa kowa ya san bakina. Aji huɗu na yi a firamare, sauran karatun a tsofaffin mujallun Sabon Gari na tsinto shi, kuma duk abin da na karanta sai na yi musu a kai.

Bara 'yan banga suka tare ni a Dorayi, wani Ɗanlami ya fasa mini kai. Na rantse sai na sayi bindiga ta bayan fage na neme shi. Na sami Baba a bakin get na ce, "Baba, libarba mai lamba arba'in da biyar nake so. Na karanta, harsashinta ɗaya ke kayar da ƙato."

Ba su tsawata mini ba. Suka ce, "To, Malam Mujalla, zauna." Suka bayyana mini cewa lambar girman harsashi take nufi, kuma mai ashirin da biyu ba ta tokarin hannu, amma wanda aka harba yana iya ci gaba da tahowa. Mai talatin da takwas ita ce tsaka-tsaki, shi ya sa suka fi yarda da ita. Babbar kuma in ta tashi sai ta ɗaga hannun mai ita, harbi na biyu ya tafi sama. Suka ce, "Duk wanda na ga ya tsira a musayar wuta, inda harsashinsa ya sauka ne ya cece shi. Girmansa kuwa a bakin masu hira ya fi aiki."

Na ce ni hannuna ba ya rawa. Suka sa na zagaye katangar kamfani da gudu sau biyu, kamar yadda suke yi wa kurata. Ina dawowa suka miƙo mini kofin shayi cike fal, suka ce in miƙe hannu in riƙe. Wallahi rabinsa a wandona ya ƙare. Masu gadi har da faɗuwa daga benci.

Baba suka ce, "Wannan gajiya ce kawai, ba a zo kan tsoro da fushi ba. Ɗanlami za ka samu, ko mai tallan gyaɗar da ke bayansa?"

Na zagi shayin, na zagi katangar, amma ban sayi komai ba. Yau ina gidanmu, uwata tana ganina, babu jinin kowa a wuyana.

Allah Ya jiƙan Baba Saje, Ya yalwata kabarinsu, Ya sa yadda suka sa mu dariya a nan su ma a tarbe su da fara'a a can. Allah Ya ba matarsu Hajiya Inna da 'ya'yansu haƙuri, Ya tsare su daga hannun mai fushi irin wanda na kusa zama. Amin.