Azara Mai Doro

Shekarun baya, da aka sa ranar aurena, babu abin da ke kaina sai ɗaki. A gidanmu, can wajen Gandi, duk ɗan da zai yi aure mahaifinmu kan shiga gonar fadama ya sare masa giginya, a tsaga azarar rufi. Kuma ba kowace ake sarewa ba, sai wadda ta fi miƙewa. Haka aka yi wa yayyena, haka maƙwabta ma suke yi. Ni auta na zo na tarar an kwashe na kirki. Saura guda ɗaya tal, doguwa sambal. Sauran duk karkatattu ne, wata kamar tana ruku'u.

Ni kam tuni na mallake ta a zuci. Har na cika wa amarya baki cewa rufin ɗakinta sai an zo kallo.

Ranar sara muka tafi da gatari. Baba ya zagaya doguwar, ya dafa ta, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Sai ya wuce, ya nuna wata mai doro.

Na ce, "Baba, ba wagga ba ce hwa!"

Ya ce, "Na sani. Ita za mu sara."

"To mi na yi? Yayyena duka miƙaƙƙu anka sare musu."

Ya ja ni wurin matasan giginyun da ke tasowa, yawancinsu sun fara sunkuyawa. Ya ce, "Ɗiyan wa ne waɗanga? Na waɗanda munka raina munka bari. Kullum mai kyau muke sarewa, mu bar mai aibi tana zuba iri. Ka taɓa ganin na dake zangarniyar gero mai kyau, na aje ƙanjamamma don shuka? In na sare wagga, jikokina ba su sanin giginya tana miƙewa."

Na ce jikokin ai ko haihuwarsu ba a yi ba, ni kuwa ga biki ga damina na tafe. Sai kawai ya kafa wa mai doron gatari.

Na kumbura fam. Na kai ƙara wurin mahaifiyata, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Yarinyar kai za ta aura ko azara?" Magini ma ya yi ta mita. Ƙarshe Baba da kansa ya hau katanga, da tsufansa, yana jera su doro ya bi doro, har rufin ya zauna. Da aka kawo amarya ta ɗaga kai, ta dube ni, ta ce, "Ashe gaskiya ka faɗi, sai an zo kallo."

Tun daga shekarar, duk 'ya'yan da doguwar ta zubar Baba kan tsince ya binne a gefe guda, ya hana kowa tona muruci a wurin. Giginya ba ta gaggawa, shi ma ya san haka.

Yanzu in na je gonar, ga su nan sun wuce kaina, a tsaye cak. Baba ya rasu bai ga ko ɗaya ta kai gwiwarsa ba, kuma wallahi wannan na sosa mini rai. Ɗakin kuwa, in ruwa ya yi ƙarfi sai mun tara kwano a kusurwar gabas. Matata ta sha cewa a yi rufin kwano a huta. Har yau na kasa yarda a sauke abin da hannunsa ya jera.