Tasalla, Wadda Ta Koya wa Uwar Majigi Kunya

Da hantsi, idan mata sun taru a rijiyar bakin kasuwar Isa, za ka ga Malama Tasalla zaune gefe da littafi a cinya. Ba ruwa ta zo ɗiba ba, magana ta zo ɗiba. Yadda uwa ke faɗa, yadda kaka ke zolayar jika, duk tana rubutawa. Shekara tara ke nan tana tsara labaran da motar majigi ke haskawa a ƙasar Gobir, ko sau ɗaya sunanta bai fito a farin ƙyallen ba.

Shekarar da agana ta ɓullo ta wajen Turba aka san ta. Baturen majigi ya kawo fim don mata su kai yara a yi musu lambar rigakafi. A Sabon Birni aka fara haskawa. Uwar cikin fim ta leƙo, mai magana a lasifika ya sa ta kiran ɗanta na fari da sunansa gatsau: Ibrahima. Mata suka kama baki, suka naɗe tabarmi. Macen da ba ta kunyar ɗan fari, in ji su, ba ta da shawarar da za ta ba kowa. Washegari mai lamba ya wuni shi kaɗai.

Lokacin Tasalla tana koyar da 'yan mata. Ta taka har masaukin Baturen. Akawunsa, Malami, ya tare ƙofa yana tambayar ko hanyar gidan biki ce ta ɓace mata.

"Wurin Bature za ni, Malam, ba wurinka ba," ta ce. "Uwar da kuka kawo muna ba ta da kunya. Ku ba ni ita kwana uku in yi mata tarbiyya."

An yi dariya, amma an ba ta, don dabara ta ƙare musu. Hoton bai canza ba, maganar ta sake. Uwar ta koma cewa "yaron nan". Wata tsohuwa da ke gefe cikin fim ɗin ta zama kakarsa, tana tsokanar sa da "mijina matsoraci". A Bafarawa aka haska. Habi ungozoma ta shaida mini cewa washegari layin mata masu goyo a wurin mai lamba ya wuce rumfar mahauta.

Daga nan ke ce kika riƙa rubuta labarin tun daga tushe, Malama, sunan Malami na fitowa a madadin naki. An ce 'yar boko ta shiga aikin maza. Kin ji, kin fiƙe fensirinki, kin ci gaba.

Mun gode, Allah Ya saka miki. 'Yan'uwana da muka zauna a aji, mu ɗauki littafi mu bi ta zuwa rijiya.

Sunan ɗan fari don kunya ake sakaya shi. Naki ba kunya ta sa suka ɓoye ba, don haka ni za ni kira shi gatsau: Tasalla.