Ranar da Na Kulle Rijiyar Baffa

Idan ɗalibaina suka tambaye ni wane aiki mutum zai yi in ya karanta ilimin muhalli, ina da amsa a baki, zan iya jero ta ido a rufe. Abin da ba na gaya musu shi ne yadda nawa aikin ya ƙare a Potiskum, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na dawo daga bautar ƙasa ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Cikin 'yan ajinmu, wani ya samu koyarwa a sakandare, biyu suka shiga gandun daji aka tura su can arewa dashen itatuwa don tare hamada, wani da babansa ya san manya ya gangara kudu wajen kamfanonin mai. Sauran suka jefa takardar a ƙasan akwati suka shiga banki ko kasuwa. Ni aka ɗauke ni a sashen tsabtar muhalli na garinmu. A takarda sunan muƙamin dogo ne mai daɗin faɗi, amma a bakin mutane duba-gari nake, mai leƙa randunan mata da masai.

Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana. Fataucin shanu yake yi, ya daɗe da barin daji ya gina gida a Dogo Tebo. Burinsa in zama likitan dabbobi, ya riƙa nuna ni a kara, wato kasuwar shanu. Da ya gan ni cikin kaki, sai ya fara gaya wa abokansa cewa shekara huɗu na yi a jami'a na karanto shara. Suna dariya, ni ma ina yaƙe, amma abin yana ci na. Abu biyu nake so a lokacin, kuma na ɗauka za su haɗu: in yi aikin da na karanta, in kuma ci gaba da zama ɗa a gidan nan.

A ƙofar gidan akwai rijiya. Baffa ne ya haƙa ta sadaka ga mahaifiyarsa, wato kakata, bayan ta rasu. Duk layinmu nan ake sha. Bakinta daidai yake da ƙasa, itace biyu kawai aka gitta, kowa da gugansa, in ya gama ya yar a taɓo. Sama da ita kaɗan kuma turken da Baffa ke kiwon bijimai yake.

Da damina ta zauna a shekarar, amai da gudawa ya shigo unguwa. Wata rana bayan an ɗauke ruwa na tsaya ina kallon yadda malalen turken nan, baƙi ƙirin da kashin shanu, yake gangarowa a hankali yana zurarewa cikin rijiyar. Ba sai an kai ruwan ɗakin gwaji ba, ko makaho ya san abin da ake ciki.

Nan na yi wautata ta farko. Maimakon in samu Baffa shi kaɗai, sai na tare shi bayan la'asar yana kan buzunsa, ga liman, ga dillalai uku abokansa.

"Baffa, ruwan rijiyar nan ne ke kwantar da mutane. Kashin shanunku yana shiga ciki."

Bai ko dube ni ba. Sai ya juya wajen liman ya ce, "Allah gafarta Malam, kashin saniya najasa ne?"

Liman ya gyara zama ya ce dabbar da ake cin namanta, kashinta da fitsarinta masu tsarki ne. Ruwa kuwa, muddin launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba, ana alwala da shi.

Na ce, "Malam, ai ban ce kada a yi alwala ba. Maganar sha nake yi."

Ɗaya daga cikin dillalan ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ruwan da za a tsaya gaban Ubangiji da shi, shi ne cikin ɗan boko ya fi ƙarfinsa!"

Aka kwashe da dariya. Liman bai faɗi ƙarya ba, amsar tambayar da aka yi masa ya bayar. Baffa ne ya san tambayar da zai yi don ya rufe min baki, kuma ya rufe. Ya ce shi da madara da kashin shanu ya tashi, ga shi nan garau, sannan rijiyar uwarsa ba ta taɓa kashe kowa ba sai da na dawo da takarda. Na tashi na bar wurin.

Washegari na kai maganar ofis. Shugabanmu wani tsoho ne da ya tsufa a aikin duba-gari, ba digiri ba komai, sai tsohon keke da ludayin da yake leƙa randa da shi. Gaskiya na raina shi ƙwarai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam mai digiri, ba a rufe rijiya sai an nuna wa mutane inda za su sha. Ka koma ka samu Baffanka a ɗaki, ka durƙusa, ka roƙe shi a ɗaga bakinta da siminti. Kada ka ce masa tana da cuta. Ka ce sadakar Hajiya ta fi ƙarfin a bar ta a taɓo."

Na ce ni ba roƙo aka ɗauke ni in yi ba, doka tana hannuna. Ya dube ni ya daɗe, ya jawo takardar ya sa hannu. "To, ai kai ka yi karatun," ya ce.

Ranar kasuwa na zaɓa, don na san Baffa yana kara tun safe. Ina kiran abin dabara a lokacin, amma tsoro ne. Na zo da leburori biyu, muka ɗora faifan ƙarfe, muka ja sarƙa, na garƙame da hannuna, na shafa jan fenti. Mata suka yi cirko-cirko a bakin zaure da bokitai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina ƙarami, ta ce, "Kai, ɗan nan, mu sha me?" Na ce ai akwai famfo. Na san sarai famfon layinmu ya fi wata bai ɗigo ba.

Na zaci Baffa zai dawo ya sa gatari ya fasa, in samu abin kai ƙara. Bai taɓa ba. Ya tsaya ya kalli jan fentin, ya shige gida. Duk wanda ya zo masa da kuka sai ya ce, "Hukuma ce ta rufe, ga hukumar can tana cin tuwona." Gaisuwata ya daina amsawa. A masallaci in na shiga sahu sai na ji na gefena ya ɗan janye kafaɗa. Har mai shayin bakin titi, wanda nake zama wurinsa kullum, ya koma kirana da duba-gari ana ji.

Masu hali suka koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Marasa hali kuwa suka nufi kududdufin bayan unguwa, inda aka ɗebi ƙasar gini, inda shanu ke sha ana wanki a gefe. A rana ta uku na ga tsohuwar nan da idona, ta shimfiɗa ɗankwali a bakin tulu tana tace ruwa kore shar. Ni da na zauna jarrabawa a kan ruwan sha, ni na kore ta daga mummunan ruwa zuwa wanda ya fi shi muni. Na gane a take. Makullin yana aljihuna, amma girman kai ya hana ni juyawa, don in na buɗe, dillalan nan sun ci ni ke nan.

Kwana biyar bayan haka ta rasu. Ko ruwan rijiyar da ta sha a baya ne, ko na kududdufin, ko tsufa, ba wanda ya sani, ni ma ban sani ba. Unguwa dai ta riga ta yanke hukuncinta. Muna dawowa daga maƙabarta, a gaban kowa, Baffa ya miƙo min tafin hannu.

"Kawo makullin."

Na ba shi.

Ban ƙara wata biyu a aikin ba. Gidan da duk na je sai a ce matan suna ciki, ba shiga, a rufo ƙofa. Na ajiye kakin, na nemi koyarwa, aka tura ni wata makaranta wajen Danchuwa, na kama ɗaki a can. Daga baya na ji labarin da ya fi komai ƙona min rai. Tsohon shugabanmu ya je da kekensa ya sha fura da Baffa, suka yi hirar farashin shanu. Kafin sati ya zagayo an ɗaga bakin rijiya har ƙugu, an yi mata murfi, an rataye guga ɗaya a jikin sanda, an mayar da turke bayan gida. Duk abin da nake so an yi, kuma unguwa tana ta sa wa Baffa albarka. Na ji haushinsu duka, na ji haushin tsohon, na fi jin haushin kaina.

Da babbar salla na je gaisuwa, a zatona abin ya wuce. Na durƙusa a zaure, ya amsa a taƙaice. Inna, matarsa, ta leƙo da murna, ta koma ta fito da ruwa a kwanon sha, sanyinsa har ya feso a jikin kwanon. Na miƙa hannu ke nan sai Baffa ya ce, "Mayar."

Inna ta tsaya. "Alhaji, daga rana fa ya shigo."

"Na ce ki mayar. Kada a ba shi ruwanmu, kada ya kwanta a ce mu ne. A sayo masa lemon kwalba."

Aka sayo, aka ajiye min a gabana, na sha don kada in ƙara laifi. Baffa ya yi shekaru da yawa bayan nan, ina zuwa duk salla, yana tambayar iyalina, yana ba ni cinyar rago in tafi da ita. Amma har ya koma ga Allah, ban sake shan ruwa a gidan da na tashi ba.