Hannun da Gwaggo ta naɗe da tsumma

Jiya muka yi sadakar shekara ta Gwaggo, ƙanwar mahaifina.

Lokacin da na sayo wa matata buhun gyaɗa daga Karare don ta fara ƙuli-ƙuli da mai, ciniki ya ƙi. Duk unguwarmu man Gwaggo aka sani. Namu ya kwanta a galan, matata tana kuka a ɓoye.

Wata safiya Gwaggo ta shigo, zanenta yana ƙamshin tuya. Ta tsoma yatsa a man, ta lasa, ta ce, "Amarya, hannuna na dama ya mutu, ba ya iya matsar tunkuza. Zan turo miki mutanena." Daga ranar ta naɗe shi da tsumma, ta kife kaskon da take ci da shi, har ta koma ga Allah.

Jiya na ambaci ciwon, sai maƙwabciyarta ta yi dariya. "Malam, wane ciwo? Da hannun nan take taya ni dakan gero in ta tabbata ba kwa kusa."

Na mayar da lomar da na ɗauko cikin kwano.

Allah Ya miƙa mata littafinta a hannun nan na dama.