Gorar Levi

In ka ji usur a Kafanchan kuma babu filin ƙwallo a kusa, to Levi ne, mijin ƙanwata Miriyam. Ni Tamar mai kayan miya na san shi tun yana yawo da gajeren wando a kwatas ɗin reluwe, kuma har yau ban gano abin da Miriyam ta gani a jikinsa ba. Ubansa mutumin kirki ne, shi ke ɗaga tuta a inda jirgi ke ƙetare titi. Jirgi ya daina zuwa, tsoho ya rasu, ya bar wa Levi usur da son tsayar da mutane.

Ya nemi soja, aka ce ƙirjinsa bai kai ba. Ya nemi ɗan sanda, aka ce ya dawo baɗi. Sai ya sauke haushinsa a coci, ya zama mai zaunar da mutane. In tsohuwa ta ɗan yi gyangyaɗi lokacin wa'azi, Levi zai lallaɓo ya ƙwanƙwasa bencinta har kowa ya juya. Da yana neman Miriyam, aka ce ya kawo abokansa su yi wa Mamarmu noma, kamar yadda kowane mai neman aure ke yi a wajenmu. Mutumin nan ya zo da farin takalmi! Abokai suna huɗa, shi yana bakin gona yana nuna musu inda layi ya karkace. Ni na ce a kore shi. Mama ta yi dariya ta ce, "Ku bar shi, zai yi hankali." Mama ke nan. Tun rasuwar babanmu ita ke noman accarta da cittarta a ƙauye, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma da wannan take taƙama.

Sai korona ta zo. Aka kulle gari, aka hana acaba, aka rufe coci. Kasuwa aka ɗauke ta zuwa filin wata firamare, a ranakun da aka yarda mutane su fito. Kowa yana kuka, Levi kuwa kamar an yi masa Kirsimeti. Kwamitin korona na gari ya nemi masu sa kai, kafin a rufe baki ya isa. Aka ba shi wata riga mai ƙyalli marar hannu. Ya sare gora, ya kai wurin tela aka auna masa mita biyu cif. Ya kwashe tokar murhun Miriyam ya zana da'ira da'ira daga bakin get har titi, kowa ya tsaya a tasa.

Kai, mun ga cinikin banza a lokacin nan. Mai saye ba za ta taɓa tumatir ba, ba za ta ɗanɗana gari ba, sai dai ta nuna da baki daga nesa. Cinikin da ake yi a kunne ya koma ihu, duk fili ya san wadda miyarta ba nama. In kika matso ki yi wa wata gaisuwar rasuwa, sai ki ji gora a tsakaninku. Takunkumin fuskar Levi kuwa, da ya ga yana hana shi busa usur, sai ya huda shi a daidai baki. Haka yake yawo, ramin nan a jiƙe da yawu, yana koya mana tsabta. Da yamma kuma ka leƙa bayan gidan mai burkutu, za ka same shi a tsugune da mutum biyar, ƙwarya ɗaya na zagayawa. Mtsw!

A cikin kullen nan Miriyam ta haihu. Labari ya kai wa Mama a ƙauye, ta ce ko an kulle sama da ƙasa sai ta zo jego. Babu mota, babu acaba, sai ta taho a ƙafa daga bayan Kagoro. Ta cika babban daro da acca, ta jera doya a kai, ga galan na manja, ga citta. Maza biyu ne suka ɗora mata a ka. Nufinta ta biyo ta kasuwa ta same ni, mu sayi sabulu da kanwa da kayan yaji, mu wuce gidan mai jego tare.

Wanda bai taɓa ɗaukar kaya ba ba zai gane ba. Daro irin wannan ba a ɗora shi da hannu biyu, ba a sauke shi da hannu biyu. In wuya ya sandare bayan doguwar tafiya, kika ce za ki sauke da kanki, kayan ne za su sauke ki. Shi ya sa a wajenmu in mace ta tsaya ta ce "a sauke ni", duk wanda ke kusa yakan ajiye abin da yake yi. Na taɓa ganin mata biyu da ba sa magana saboda rikicin iyakar gona, ɗaya ta sauke ɗaya, sannan kowa ta juya baya ta ci gaba da fushinta.

A ranar, wasu manya daga kwamiti sun zo duba kasuwa. Motarsu na bakin get, ɗaya daga cikinsu yana ɗaukar hoto da waya. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa bayan korona za a ɗauki wasu daga masu sa kai aiki na dindindin, kuma Levi ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa sunansa ne a gaba. Daidai lokacin Mama ta iso. Ta ga surukinta a get, ranta ya yi sanyi.

"Baban Zamani, sauke ni," ta ce. Zamani shi ne ɗan Levi da Miriyam na fari.

Levi ya dubi motar. Ya nuna mata da'ira da bakin gora. "Mama, ki shiga layi tukuna."

Ta shiga. Roseline mai daddawa, wadda ke bayanta a layi, ita ta ba ni labarin wannan ɓangaren. Ta ce wuyan Mama yana rawa, gumi yana zuba har ƙasa. Roseline ta ɗaga ƙafa za ta fita daga da'irarta, Levi ya busa usur a fuskarta. A makon da ya wuce an kwashe wa wata mata kaya saboda ta ƙetare layi, don haka kowa ya tsaya cak. Mama ta sake cewa, a hankali don kada manya su ji, "Ɗana, wuyana." Levi ya ɗaga murya yadda za su ji sosai: "Doka ba ta san suruka ba, Mama! Mita biyu ne!"

Ni ina can ciki wajen tumatir. Roseline ce ta ƙwala mini kira. Na taho a guje, zanina a hannu. Levi ya gitta mini gora a ƙirji yana cewa, "Anti Tamar, ta nan ake shiga, ba a fita." Na ce, "Uwarka ce a can, sakarai!" Na fizge gorar na jefar. Amma Mama ba za ta roƙi suruki sau uku a gaban jama'a ba. Ina kallonta ta kama bakin daro, ta fara durƙusawa. Gwiwa ɗaya ta kai ƙasa, daron ya ja ta baya. Ƙarar da na ji ba ta daro ba ce.

Yesu! Nan take aka manta da toka. Mata suka yi caa a kanta, wata na riƙe kai, wata na fifita, acca ta cakuɗe da manja a cikin ƙasa. Levi yana zagaye da mu yana busa usur, wai a ba da tazara. A baro muka kai ta asibiti. Ƙashin ƙugu ne ya karye.

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani Levi ba, kuma na faɗa wa fasto haka da aka buɗe coci. Ya ce in yafe. Na ce ina ƙoƙari, amma mutumin bai nema ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, da Mama ta yi haƙuri kaɗan da layi ya zo kanta.

Mama ta tashi, amma da sanda. Gonar accarta wani ɗan ƙanen babanmu ke nomawa, ya aiko mata da abin da ya ga dama. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba, yanzu ko ruwan wanka sai an kai mata. Tana zaune a gidan Miriyam, a ƙaramin ɗakin da ke jikin falo, domin nawa ɗakin ɗaya ne. Aikin dindindin bai zo ba. Rigar ma an karɓe. Levi ya koma ƙwanƙwasa benci.

Amma ya bi mai wayar nan har ofis ya roƙi hoton. Ya wanke shi babba, ya sa a gilas, ya rataye a falo kusa da na aurensu. Ga shi nan a tsaye, ƙirji a gaba, gora a hannu. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa, ya ce, "Lokacin da muka ceci garin nan ke nan." In ka duba gefen hagu za ka ga wata tsohuwa a cikin da'irar toka, daro a ka, ta ɗaga hannu ɗaya wajensa. Baƙo yakan tambaya wace ce. Levi sai ya ce wata ce mai kawo acca. Mama tana jin su ta bango.